Agogon hannu mai aminci: wane iri, kuma nawa ya dace mutum ya kashe?

Laouali:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema a kan agogon hannu. Ni malamin lakwal ne a wani ƙauye ta wajen Madarunfa, kullum a kan moto nake zuwa in dawo, ga ƙura ga rana, in damina ta sauka kuma ga ruwa. A cikin aji ba na son fiddo waya, da ka fiddo ta hankalin yara ya koma kanta. Agogunan jika biyu, jika uku da ake yawo da su a tire kuwa sun gajiyar da ni: ko maɗauri ya tsinke, ko gilashi ya yi gumi daga ciki bayan alwala, ko ya tsaya cak ba dalili. Yanzu na ware jika 25, wato sefa dubu 25. Wani abokina ya ce in yi haƙuri in tara har jika 80 in sayi Seiko, wani kuma ya ce duk abin da ya wuce jika biyar a kan agogo ɓarna ce. Wanne zan ɗauka?

Chaibou:
Wa alaikumus salam, Mushe. Ni ina bayan wanda ya ce ɓarna ce. Jika 25 a wannan zamani kuɗin cefanen kwanaki ne. Yini nake a kan kabu-kabu, na jika biyu ne a hannuna, in ya mutu in yar in sayi wani. Mai tsada da mai araha duk ƙarfe nawa suke faɗi.

Zeinabou:
Yaya Chaibou, kai in naka ya tsaya fasinja za ka tambaya. Ni a likita nake aiki, da allurar daƙiƙa nake ƙirga bugun jini da numfashin yaro mai zazzaɓi, kuma ba zan tsaya lalubar waya da safar hannu ba. Agogon da zai tsaya ba tare da na sani ba ya fi rashin agogo illa gare ni, don zan rubuta abin da ba daidai ba ne a takardar majinyaci. Mushe ma haka, shi ke riƙe da lokacin yara ranar jarabawa. Ka tara kuɗin na jika biyun da ka saya cikin shekara biyu ka ga inda suka kai.

Malam Harouna:
Salamu alaikum. Sana'ata ke nan, gyaran agogo, tun ina yaro a gaban maigidana, kuma har yau teburina na nan cikin kasuwa. Mushe Laouali, jika 25 ɗinka sun isa, har da canji, muddin abin da ka saya na asali ne.

Ga aikinka, mai pil, wato batir, za ka saya, kuma Casio nake ba ka shawara. Akwai ƙaramin baƙin nan na roba da kowa ya sani, F-91W. Tun 1989 ake yin shi bai canza kama ba. Pil ɗinshi CR2016 ne, kamfanin ya ce yana kai shekara bakwai, kuskurenshi kuma bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Yana da ƙararrawa da agogon awo da ƴar fitila. Sai dai shi ruwan fantsama kaɗai yake jurewa. Tunda kai ruwan sama na kama ka a hanya, na fi so ka ɗan ƙara ka ɗauki W-800H ko AE-1200. Su an rubuta musu mita 100 na jure ruwa, pil ɗinsu kuma na shekara goma ne. In lambobi ba su yi maka ba, kana son mai allura, ga MRW-200H, shi ma na roba, mita 100, yana nuna rana da kwanan wata, allurarshi fara tas a kan baƙi, ko a kan moto kallo ɗaya ya ishe ka.

Abin da ke kashe agogo a garin nan abu uku na fi gani a tebur: gumi, ruwan alwala da ƙurar hunturu. In na buɗe agogon mai aikin rana a watan Afrilu ko Mayu, sai in tarar gefen murfin ya yi fari da gishirin gumi, zoben robar da ke hana ruwa shiga ya bushe ya tsage. Maɗaurin fata kuwa kar ma ka fara, wata kaɗan zai yi wari ya ruɓe, don kullum sau biyar yana shan ruwa. Na roba shi ma yana tsinkewa bayan ƴan shekaru, rana ke cin shi, amma wannan abu ne na canzawa da kuɗi kaɗan, injin na nan lafiya lau.

Elh Ousseini:
Malam Harouna, ina girmama sana'arka, amma ban yarda ba. Malamin lakwal babban mutum ne a ƙauye. Shi ake kira ɗaurin aure, shi ke zama kusa da maigari, shi ke tarbar baƙi daga gari. Ya sa babbar riga da hula sannan a ga agogon roba irin na ƴan makaranta a hannunshi? Agogo sutura ne. Araha ba ta ado. Laouali ƙanena, ka ji maganar abokinka, ka tara ka sayi Seiko 5 na ƙarfe, otomatik, ba ruwanka da pil har abada. Tun 1963 suke yin shi, iyayenmu da shi suka san agogo. In Allah ya buɗa maka gaba ka hau Rado. Nawa DiaStar ne, irin wanda aka fara yi a 1962, jikinshi ba ya karcewa. Shekaru nake shiga Kano da Dubai da shi, in ka gan shi yau sai ka ce jiya na saya. Kuɗin da ka sa a abu mai kyau ba su ɓata ba, ko ranar matsi ka samu mai saye.

Baba Dan Tibiri:
Alhaji ya hwaɗi gaskiya. Nau Seiko 5 ne, a Makka na saye shi shekarar da munka tahi aikin hajji da mahaihiyata, Allah shi jiƙan ta. Da shi na yi aiki har na aje, yanzu jikokina ka kallon shi a hannuna. Sau biyu dai anka wanke mani shi anka zuba mai. Ɗiyana, abin da za ka bar ma ɗanka shi ne abu, ba wanda za a share da shara ba.

Abdoul Razak:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma ina so in ƙara abu ɗaya, don mutane da yawa na ɗauka mai tsada shi ya fi faɗin lokaci daidai. Ba haka ba ne. Agogo mai pil akwai ɗan ƙaramin dutsen kwartz a cikinshi, wuta na sa shi kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, da wannan yake ƙirga lokaci. Seiko ɗin ma su suka fara fitar da irinshi kasuwa, ranar 25 ga Disamba 1969, sunanshi Astron. Shi kuwa otomatik, siririyar wayar ƙarfe ce a nannaɗe da ƴan ƙafafun ƙarfe, motsin hannunka ke wana shi. Injin da ke cikin sababbin Seiko 5, kamfanin da kanshi ya yarda zai iya gudu da daƙiƙa 45 ko ya yi baya da 35 a yini ɗaya. A yini fa, ba a wata ba. Ko manyan agogunan Suwis da ake ba takardar shaidar daidaito, ƙa'idarsu baya da daƙiƙa 4 ko gaba da 6 ce a yini. Ke nan ɗan Casio na roba ya fi su riƙe lokaci. Masu sayen waɗancan, aikin hannu da suna suke saye.

Malam Harouna:
Ɗan samari ya yi bayani. Alhaji, Baba, ni ma ina son Seiko 5, babu abin da ke mini daɗi a tebur kamar in buɗe shi in ga ƙafafun nan suna juyawa. Amma mu faɗa wa Mushe abin da ke biye da shi. In ya cire shi ranar Juma'a da yamma bai sake sawa ba sai Litinin, zai tarar ya tsaya, don ƙarfin da yake tarawa bai wuce na awa 40 da ƴan kai ba. Kowane mako sai ya gyara minti. Girgizar moto a kan hanyar laterit da faɗuwa ƙasa suna taɓa shi fiye da mai pil, haka ajiye shi a kan rediyo ko jikin waya, maganaɗisun lasifika na sa shi gudu. Sannan kamar moto yake, in ba a yi mishi bidanj ba bayan ƴan shekaru, man ya bushe, ƙura ta haɗu da shi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Na Baba ya daɗe ne don an wanke shi an zuba mai. Mu masu iya wannan wankin a garin nan mun ragu, yaran yanzu canza pil suka koya, kayan gyara kuma sai an aika Kano.

Wani abin da na fi ji wa Mushe tsoro: Seiko 5 na okaziyo da ake kawowa masu fuska kala-kala, ja, kore, shuɗi, sabbi fil a ido, a jika 15 ko 20. Yawancinsu haɗe-haɗe ne da ake yi a Indiya, tsohon inji da ya gaji, a sake fenti a fuska, a sa sabon gilashi. In na buɗe sai in ga tsatsa, wani lokaci har da gam aka manne fuskar. Wanda ya tara jika 80 ya samu na asali, madalla. Wanda ya je da jika 25 neman Seiko otomatik, wannan za a ba shi.

Laouali:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Baba Harouna, to ai Casio ɗin ma shi ya cika tire. Wanda ya yi mini gumi a gilashi ma sunan ne rubuce a kanshi, na san dai jabu ne. Yaya zan bambance?

Malam Harouna:
Ka fara da kuɗin. Wanda aka ce maka jika biyu da rabi, kar ma ka wahalar da kanka da dubawa.

In farashin ya yi kama da na gaskiya, juya bayanshi. Murfin ƙarfe ne da ƙusoshi huɗu. Rubutun da ke kai a na asali ya nutse, tsaf, kana iya karanta kowane harafi, akwai lambar inji cikin ɗan akwati, a F-91W 593 ce. A jabu rubutun sama-sama yake, wani wuri ya yi kauri wani ya dushe, kan ƙusoshin kuma a cinye tun ba a taɓa su ba. Sai ka juyo fuska ka karkata shi kaɗan-kaɗan a haske. Lambobin na asali baƙi ne wuluk, ba sa ɓacewa da ƙaramar karkata, na jabu kuwa da ka ɗan juya sai su yi fari-fari ko duk gurabun su fito kamar takwas-takwas. Fitilar F-91W ta asali koriya ce, ƴar ƙarama, daga gefen hagu take haskowa, ba ta da ƙarfi. In ka ga ta haske fuska duka da shuɗi, ajiye shi. Sannan ka danne maɓallin dama ka riƙe kamar daƙiƙa uku, sunan kamfanin zai fito a wurin lambobin. Da can wannan gwajin kaɗai ya isa, yanzu masu kwafi sun koye shi, don haka kar ka tsaya a kanshi. Taɓa maɗaurin: na asali laushi gare shi, yana lanƙwasa ba ya yin farin layi, na jabu ƙyalli gare shi da tauri, wani har warin roba ƙonanniya yake.

Kuma ka nemi kwali da ƴar takardar bayani. Ba hujja ba ce ita kaɗai, ana buga su su ma, amma mai kayan asali ba ya rasa su.

Elh Ousseini:
A nan kam muna tare da Malam. Bari in ba ku lissafin ɗan kasuwa. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya motsi. Ɗan baƙin Casio ɗin nan a shagunan Turai wajen Yuro 20 ne ko ɗan sama, wato jika 13 ke nan tun bai hau jirgi ba, ba a biya duwan ba, mai shago bai ci riba ba. To wa zai kawo shi Maradi ya sayar maka jika uku? Haka Rolex: mafi arahar sabo ya haura Yuro 5,000, sama da miliyan uku na sefa. Duk wanda ka gani a gilashin shago a jika 30, ka san abin da kake kallo. Ni shawarata, saya wurin mai shago zaunanne wanda gobe za ka same shi, ka tambaye shi ido da ido: orijinal ne ko kwafi? Ka ce in ya yi gumi cikin wata za ka maido. Mai kayan ƙwarai zai amsa nan take. Wanda ya fara rantse-rantse yana kauce wa maganar maidowa, yi sallama da shi.

Chaibou:
To Alhaji, in mai kaya ya ce mini kwafi ne, ni ma na san kwafi ne, na biya kuɗin kwafi, wa aka cuta? Ba kowa ke da jika 15 a ajiye ba. Wani abin da zai ci yau yake nema.

Malam Issa:
Chaibou, maganarka tana da wuri. Wanda ƙarfinshi na jika biyu ne, ya saya da saninshi, babu mai zarginshi, daidai ruwa daidai tsaki. Inda matsala take shi ne mai sayarwa ya ɓoye, ya karɓi kuɗin asali a kan jabu. Wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ƴan'uwa masu shaguna da ke cikin wannan zaure, ku ji tsoron Allah a kan wannan, ku riƙa faɗin abin da kuke sayarwa.

Alhaji Ousseini, ado halal ne ga wanda Allah ya hore wa, ban musa ba. Amma ba na son mu sa wa ƙaramin ma'aikaci jin cewa mutuncinshi na rataye da ƙarfen hannunshi, har ya ci bashi ko ya tauye iyali. Mutanen ƙauye sun fi kallon ko yana zuwa aji a kan lokaci. Sannan tunatarwa ga maza: zinariya haramun ce gare mu, halal ga mata. Launin ruwan gwal da ba zinariya a ciki ba shi ake nufi ba, amma masu tsada akwai waɗanda ake shafa wa zinariya ta gaske, wanda zai sayi irin wannan ya tambaya tukuna, ko ya ɗauki farin ƙarfe ya huta.

Elh Ousseini:
Allah ya gafarta Malam, ban ce ya ci bashi ba, tarawa na ce. Kuma har yanzu ina kan bakana, mutum ya samu na fita ko da guda ne.

Zeinabou:
Tunda an zo maganar ruwan gwal, Baba Harouna ina da tambaya a madadin mata. Agogunan da ake sa mana a kayan lefe, masu duwatsu, wata biyu sun koɗe, su bar wa mutum kore a fata, ni har ƙuraje suke fito mini a wuyan hannu, ga ƙaiƙayi lokacin zafi. Alhali a bayansu an rubuta ƙarfe ne marar tsatsa. Kuma kuɗin da angwaye ke zubawa a kansu ba kaɗan ba ne.

Malam Harouna:
Ƴata, karanta rubutun da kyau. In an sa "Stainless Steel Back", murfin baya kaɗai ake nufi. Sauran jikin wani ƙarfe ne mai araha aka shafa wa launi, gumi na cinye shafen, abin da ke ƙasa ya taɓa fata, ga masu jikin da ba ya son sinadarin nikel sai ƙuraje. Wanda jikinshi duka ƙarfen ƙwarai ne, za ki ga "All Stainless Steel", kuma za ki ji nauyinshi da sanyinshi a tafin hannu. Don aikin likita, nemi LRW-200H, ƙanwar wanda na faɗa wa Mushe ce, ta roba, mita 100, da allurar daƙiƙa, kina iya wanke ta. In kuɗi sun yi ƙasa akwai Q&Q, na kamfanin Citizen ne, injinsu na da kyau, in an samu na asali.

Maganar mitocin nan ma bari in warware, don tana ruɗa mutane. Ba zurfin da za ka nutse ba ne, awon matsi ne da aka yi a ma'aikata, ruwa na tsaye. Mai "Water Resist" kawai ko mita 30, fantsama da yayyafi. Mita 50 ya fi ƙarfi kaɗan. Daga mita 100 ne za ka shiga gulbi da shi hankali kwance. G-Shock, wanda Casio suka fara a 1983, mita 200 ne kuma an yi shi don faɗuwa, sai dai na asali ya fi ƙarfin jika 25, jabunshi kuma ya fi na kowa yawa. Kowane iri ne, kar a danna maɓalli yana jiƙe, kar a bar kan da ake juyawa a gyara lokaci a zare, kar a yi wanka da ruwan zafi da sabulu da shi. Lokacin alwala ni cire nawa nake in sa a aljihu, ruwa ya samu fata sosai, agogo ya huta.

Abdoul Razak:
Ba wanda ya ambaci agogon zamani mai haɗuwa da waya. A jika 10 zuwa 15 ana samu, yana nuna saƙo, yana ƙirga taku, har bugun zuciya.

Zeinabou:
Ƙanena, na masu arahar nan wata abokiyar aikina ta kawo, muka ɗaura shi a kan kwalbar ruwa, ya ba mu bugun zuciya. Don Allah kar mai hawan jini ya dogara da shi ya bar zuwa awo. Ga caji kuma. Ka tuna yadda muka yi daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki, waya ma da ƙyar ake cika ta. Mushe a ƙauye yake yini.

Moutari:
Salam. Ni tambayata agogon salla, irin su Al-Fajr da Al-Harameen da alhazai ke kawowa tsaraba. Mahaifina nake so in saya wa, idonshi ya yi rauni, yana son mai ƙara lokacin asuba. Suna da aminci?

Malam Issa:
Suna taimako sosai, musamman ga mai tafiya da mai tashi sahur. Amma a sani lissafi suke yi da wurin da aka saita musu. Da yawa ana kawo su da saitin Makka ko Madina, mutum ya ɗaura haka nan, alhali tsakaninmu da Saudiyya awa biyu ne, faɗuwar rana ma daban. Sai an sa mishi garin, in babu Maradi a jerin a shigar da lambobin wurin da hannu, sannan a gwada da kiran sallar masallacin unguwa na ƴan kwanaki, a ƙara ko a rage minti. Kwanan watan Musulunci kuma sai an riƙa gyara shi, don mu da ganin wata muke aiki, agogo da lissafi. Kar a sha ruwa da azumi a kan ƙararshi kaɗai ba a duba rana ba.

Malam Harouna:
Moutari, ka kawo shi in saita maka. Ka lura, masu ƙara da fitila sun fi cin pil, kuma ga tsoho mai raunin ido na tebur ko na bango ya fi, lambobinshi manya ne.

Elh Ousseini:
To ga tsaka-tsaki, kar a ce Alhaji ya kafe. Citizen Eco-Drive. Na ƙarfe ne, mai allura, ya dace da babbar riga, daidaitonshi na mai pil ne, amma da haske yake caji, ko na rana ko na fitila. In ya cika yana yin watanni a cikin duhu bai tsaya ba. Rana kuwa ba mu da abin da ya fi ta. Kuɗinshi sun wuce abin da Laouali ya ware, amma ga mai tarawa shi ne ba Seiko otomatik ba, na sauko daga wannan. Kar dai a bar shi a gaban mota cikin rana da gilashi rufe, zafin na lalata shi.

Baba Dan Tibiri:
Ni dai ban sauko ba. Amma ɗiyana shi ka hawa moto, ba ni ba. Allah shi yi albarka.

Laouali:
Amin Baba. Allah ya saka wa kowa da alheri. MRW-200H zan nema, don mai allura ya fi mini a aji, ina so yara ma su riƙa koyon karanta shi a hannuna. In ban samu na asali ba sai W-800H. Alhaji, maganar na fita tana raina, in hali ya yi zan zo shago mu yi maganar Citizen ɗin. Baba Harouna, in na samu zan ce wa mai shago sai ka gani kafin in biya.

Malam Harouna:
Ka zo da shi, ba kuɗi ba ne dubawa. Ka guji ranar Litinin da Juma'a da safe, kasuwa na cika ba na samun sukuni, bayan la'asar ya fi.

Tun yanzu ka riƙe wannan don ranar canza pil, ko wurina ko wurin wani. Ƙananan pil na masu allura iri biyu ne masu girma ɗaya: mai SR a farkon lamba, kamar SR626SW da ake kira 377, da mai LR ko AG wanda ake sayarwa a kati da araha. Mai LR ba ya daɗewa, kuma in ya mutu yana zubar da ruwa, ka buɗe ka ga farin gari da kore sun cinye ƙafar da ke ɗaukar wuta, injin ya tafi ke nan. Ka ce SR kake so, a ɓare shi a gabanka. Ka tsaya ka ga an maida zoben robar a gurbinshi ba a murɗe ba, an ɗan shafa mishi man silikon, an ɗaure ƙusoshin duka huɗu. Yawancin agogon da ake kawo mini da ruwa a ciki, bayan canjin pil ne abin ya faru. In kuma agogo ya tsaya, kar a jefa shi a akwati da mataccen pil a ciki.

Chaibou:
Baba Harouna, nawa ma ya fara baya da minti biyar tun makon jiya. Pil ne ko inji? In pil ne zan biyo gobe in na sauke fasinja ta wajen kasuwa.

Malam Harouna:
Sai na buɗe na auna. In pil ne dala ɗari biyu ya ishe ka. In inji ne zan faɗa maka gaskiya, don na jika biyu kuɗin gyaranshi sun fi kuɗin sabo.